Ranar Da Aka Janye Jiragen Kwarare

A zamanin da ayarin goro ke tasowa daga Gwanja ya keta dazuzzuka ya nufo ƙasar Hausa, an yi wani gari a gabashin wani babban gulbi, ana ce masa Kwarare. Maroƙan fada sun so mutane su yarda cewa takobi ne ya kafa shi. Ƙarya suke yi, jirgi ne ya kafa shi. Asalinsa 'yan bukkokin masunta ne, ranar nan wani madugu ya ɓata hanya ya faɗo musu da jakunansa, suka fitar da shi lafiya lau, ko huhun goro ɗaya bai taɓa ruwa ba. Da ya isa gida ya ba da labari, daga nan ayari ya riƙa bin ayari.

Fatake kuwa duk inda suka sauke kaya sai sun nemi abin sawa a baka. Matan masunta suka fara kai fura da soyayyen kifi bakin mashigi. Dukawa suka ji labari suka zo ɗinkin takalma da salkuna, maƙera suka kafa zugazugansu, marina suka haƙa karofi saboda masu tafiya kudu suna son baƙin zane. Masu kanwa da gishiri suka ga babu dalilin shan wahalar zuwa Gwanja, tunda goron zai same su a nan. Har mai yankan ciyawar jakai sai da ya gina soro. Kafin a ankara masunta sun zama masu fito, babbansu ya zama sarki, an ja ganuwa, an kafa zango da kasuwar da ba ta watsewa sai rana ta faɗi. Kwarare ba ta da ƙasar noma ta kirki, duk yashi ne da fadamar da ruwa ke cinyewa. Hanyar nan ita ce gonarta, kuma kowa ya san haka, daga Sarki har mai tallan daddawa.

A lokacin da abin da zan faɗa ya auku, Sarki Dambo ne bisa gado. Mutum ne mai kyauta da fara'a, ba ya zalunci, amma Allah bai ba shi zuciya ba. Ko hadari ya yi rugugi sai ya aika a dubo masa ko tamburan Dagwalo ne. Dagwalo kuwa birni ne can arewa, a ɗaya gaɓar gulbin, sarkinsu Jatau mayaƙi ne mai wayon tsiya. Shi ma yana da mashigi, amma duwatsu ne da kadoji, fatake sun daɗe da guje masa, kasuwarsa ta koma wurin kiwon awaki. Wannan abu ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya.

Al'adar Kwarare ce, in ayari ya kusato, madugu ya aiko da farin goro guda a cikin ƙoƙo. Sarki ya ɓare shi a gaban fadawa, ya ci rabi, ya mayar da rabi. Goron amana ake ce masa. Da zarar Sarki ya tauna, ayarin ya zama baƙonsa tun yana daji, fitonsa da tsaronsa duk sun hau wuyansa. A kakar wannan shekara, gulbi cike maƙil, Madugu Ƙosau ya aiko da nasa. Ƙosau ba ƙaramin madugu ba ne, shi ne wanda in ya yabi hanya sauran madugai su bi ta, in ya kushe ta su kauce. Sarki ya ɓare goro yana dariya ya ci. Mata suka jiƙa gero, mahauta suka ɗaure shanu, aka shiga sharar zango.

Ba a gama sharar ba sai ga wani manomi daga ƙauyukan ƙetare, rigarsa a yage, ya faɗi gaban Sarki yana haki.

"Allah ya ja zamanin Sarki, Jatau ya fito! Sun ƙone mana rumbuna, sun kore shanu. Bakin gulbi suke bi, nan suka nufo!"

Dama tun kafin wannan garin ya riga ya tsargu. Dorinar da ta yi shekara da shekaru a gurbin da ke ƙasan mashigi ta tashi da 'ya'yanta, ba a san inda ta nufa ba. Ungulaye sun bar mayanka sun dawo kan zauren fada sun jeru. Da Sarki ya ce a buga tambarin yaƙi, bugun farko fatar ta tsage. Makaɗin ya tsaya da gula a hannu, fadawa kowa ya sunkuyar da kai don kada ya haɗa ido da ubangidansa.

Sarkin Yaƙi Barmo ya ce a bar shi ya ƙetara ya tare su. Barmo jarumi ne na gaske, amma a cikin kasuwa ya yi jarumtar tasa, wajen raba faɗan masu jakai. Da safe aka fitar da shi da 'yan baka da 'yan dawakin da garin ke da su. Suka tarar da goshin rundunar Dagwalo a wata fadama mai dogon gamba. Kafin su ja daga, sai wuta ta tashi a bayansu, kibau suka yi ta zubowa daga cikin ciyawa, ba a ga masu harbin ba. Dawaki suka kafe a taɓo suna haniniya. Wanda ya faɗi ba a tsaya ɗaukarsa ba. Barmo ya iso bakin ruwa da kibiya a kafaɗa, mutanensa suna tattake juna wajen faɗawa jirage. Mayaƙan Dagwalo kuwa suka tsaya kan tudu suna kallo, babu wanda ya biyo su, kuma a cikin wannan ruɗewa babu wanda ya tsaya ya tambayi dalili.

Suna isowa gida tsoro ya shiga gari kamar gobara. Aka rufe rumfuna, mata suka tattara 'ya'ya. Ana cikin haka masu tsaron ganuwa suka hango ayarin Ƙosau ya sauko kan yashin ƙetare, jakai da takarkarai da 'yan dako da mata, har bayansa bai gama fitowa daga daji ba. Suka sauke kaya suna jiran jirage, kamar yadda suka saba.

Sarki ya tara majalisa. Galadima Cindo ne ya fara magana, tsoho mai taushin murya wanda bai taɓa ɗaga ta ba.

"Allah ya ba ka nasara, Zaki, jikan masu ruwa. Tsakaninmu da Jatau babu ganuwar da ta kai gulbin nan. Dokinsa ba ya iyo da lifidi. Abu ɗaya yake nema, jirgi. Fiton ayarin nan ba aikin hantsi ba ne, zai kai mu faɗuwar rana ko fiye. In ya riske mu jirage suna can ƙetare, to mun shimfiɗa masa hanya har ƙofar ɗakinka. Shawarata, a janye jirage duka a hau da su tudu, a rufe ƙofar ruwa."

Sarkin Zango Nomau, wanda shi ne mai saukar da fatake kuma uban dillalan garin, ya gyara zama ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ka ci goro."

Ya ɗago kai ya ci gaba.

"A gaban idonmu ka ci shi, rabinsa yana can a hannun Ƙosau. Mutanen da ke kan yashin nan ba baƙin hanya ba ne, baƙinka ne. Allah ya taimaki Sarki, in Jatau ya ƙone garin nan, ƙasa ce da kara, mu sake ginawa. In fatake suka juya mana baya, wa za mu gina wa? Marina su rina wa wa? A fara da mata da goro, dabbobi su biyo baya. 'Yan baka su tsaya a bakin ruwa. Ko rabi muka fitar, an ce Kwarare ta yi ƙoƙari."

"Waɗanne 'yan baka?" in ji Barmo, yana dafe da kafaɗa. "Waɗanda na baro a fadama? Sarkin Zango, kai ba ka ga abin da na gani ba. Ba mutane ba ne, wallahi fari ne. Zaki, in suka sa ƙafa a wannan gaɓa, ba ni da abin tare su."

Gaskiya Barmo bai ga ko rubu'in rundunar ba, amma wanda aka koro ba ya taɓa cewa abokan gaba kaɗan ne.

Ana cikin wannan ja-in-ja dogarai suka shigo da wani mutum jiƙe sharkaf, daga shi sai ɗan bante. Mijinyawa ne, jagaban ayari, mai shiga gaba ya dubo hanya. Da ya ga jirage ba su zo ba, ya rungumi ƙaton gora ya faɗa gulbi ya ƙetaro. Ya durƙusa, ruwa na ɗiga a kan shimfiɗar fada.

"Allah ya ja zamanin Sarki, Madugu yana gaishe ka, gaisuwar baƙo ga mai masaukinsa. Ya ce in gaya maka ya ga hayaƙi a arewa, ya kuma san na mene ne. Ya ce da ya so, da ya juya da ayarin tun jiya, amma ya ce wa mutanensa su kwantar da hankali, Sarkin Kwarare ya ci goro. Akwai mata masu goyo a cikinmu, ranka ya daɗe. Bayanmu daji, gabanmu ruwa. Ya ce ko jirgi biyu ne a taimaka."

Sarki Dambo ya buɗe baki, kuma na rantse da niyyar alheri ya buɗe shi, don idonsa ya cika da ƙwalla. Sai Galadima ya matso ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda dai na kusa za su ji.

"Zaki, ka tuna yadda Jatau ya yi da Sarkin Gungu. A ɗanyar fatar saniya ya ɗinke shi, ya shanya shi a rana. An ce sai da ya yini yana kiran uwarsa."

Nan Sarki ya rufe bakinsa. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin rawani. Ya dubi ƙasa ya ce, "A janye jirage."

"Ranka ya daɗe!" in ji Nomau.

"Na ce a janye su. Jagaba, ka zauna a nan, an ba ka mafaka."

Mijinyawa ya miƙe tsaye a gaban Sarki, abin da ba a yi. "Na gode, Allah ya saka. Ni jagaba ne, ba na kwana inda ayarina bai kwana ba." Ya fita ya ɗauki goransa ya koma ruwa.

Aka janye jirage, manya da ƙanana, aka kife su a kan tudu cikin ganuwa. Masu fito suna ja suna kuka, don tun kakanninsu ba a taɓa kife jirgi alhali mutum yana ƙetare yana jira ba. Gari duka ya hau badala, wato matakar da ke saman ganuwa, har Sarki da majalisarsa. Daga nan suna ganin komai. Fatake suka gane ba a zuwa, suka shiga jera huhunan goro da kaya suna yin shinge, suka sa mata da dabbobi a tsakiya. Wasu suka zo har bakin ruwa suna ɗaga hannu, suna kiran sunayen masu masaukinsu, iska na kawo muryoyin guntu-guntu. Wata mai fura a kan badala ta ji an kira sunanta, ta toshe kunne ta durƙushe. Madugu Ƙosau kuwa ya sa aka shimfiɗa masa buzu a gaban shingen, ya zauna cikin farar riga, bai ko dubi Kwarare ba.

Rana ta karkata, sai ga ƙyallin masu daga arewa. Rundunar Dagwalo ta fito daga kurmi sahu-sahu, 'yan lifidi a gaba, 'yan baka a baya, kuge na amo. Suka yi wa ayarin zobe. A kan badala mata suka rufe idon 'ya'yansu, maza suka shiga salati. Nomau ya riƙe ƙasar ganuwa har ta gutsure a hannunsa. Kowa na jiran ihun farko.

Ihun bai zo ba. Wani mahayi mai jan rawani ya fito daga tsakiyar runduna, ya sauka tun daga nesa, ya miƙa takobinsa ga baransa, ya tako da ƙafa har gaban buzun madugu, ya rage tsawo ya miƙa hannu. Jatau ne. Bayansa bayi suka biyo da raguna da tulunan fura da dammunan ciyawa. Mayaƙan da ake jira su yi yanka suka jingine masu, suka shiga taya fatake ɗaura wa jakai kaya.

Mutanen badala suka yi cirko-cirko. Galadima ya ce yaudara ce, zai kai su daji ne ya gama da su. Da aka ga runduna ta juya ta fuskanci arewa, wani bafade ya ɗaga murya ya ce Jatau ya ji tsoron ruwan Kwarare, ya gudu! Makaɗa suka ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa, maroƙa suka shiga kirari, Dambo gagara ƙetara. Sarki ya ji numfashinsa ya dawo, har ya yi murmushi.

Nomau kaɗai bai yi murna ba, don idonsa na kan Mijinyawa. A bakin daji hanya ta rabu biyu, ɗaya ta gangaro mashigin Kwarare, ɗaya ta yi arewa. Jagaban ya tsaya a mararrabar, ya zaro gatari ya saro reshen ƙaya, ya gicciya shi a kan hanyar Kwarare. Madugu ya zo ya ɗauki dutse ya ɗora a kai. Bayansa kowane falke da zai wuce sai ya sunkuya ya ɗauki dutse ya jefa, har mata masu goyo. Fatake suna kiran wannan kashe hanya. Ba su yin sa don 'yan fashi ko don zaki, waɗannan ana jurewa. Garin da ya ci amana kaɗai ake yi wa, kuma duk jagaban da ya tarar da tsibin ba ya tambaya, sai ya ƙara nasa dutsen ya kauce.

"Ku tsai da kiɗan nan!" Nomau ya daka tsawa, hawaye na bin gemunsa. "Ku tsai da shi, jana'izarku kuke yi wa kiɗa!"

Kiɗa ya mutu. Can sai aka ga wani yana ƙetarowa a kan gora. Ɗaya daga cikin 'yan bakan Barmo ne da aka kama a fadama, an sako shi, an ɗaura masa sabuwar riga a ka. Aka kawo shi gaban Sarki a kan badala.

"Zaki, ina kusa, na ji da kunnena. Jatau ya ce wa Madugu, 'Baba, na ji an bar ka a kan yashi, shi ya sa na zo.' Ya ce ya fasa duwatsun mashiginsa tun bara, ya sa an sassaƙa masa manyan jirage, ya gina zango, ya haƙa rijiyoyi, baƙi kawai yake jira."

"Yana da jirage?" in ji Barmo. "To me ya hana shi ƙetarowa ya auka mana?"

"Shi ma Madugu abin da ya tambaye shi ke nan. Sai Jatau ya yi dariya. Ya kuma ce in gaishe da Sarkin Kwarare, in ce masa ya kwana lafiya, ba shi da niyyar taɓa ko tubali ɗaya na ganuwarsa."

Sarki ya juya neman Galadima, aka ce ya sauka, wai ciwon kai ya kama shi. Wasu sun ce daga baya an ga wani baƙin ingarma irin na Dagwalo a bargarsa. Ni ban gani ba, ba kuma zan rantse ba.

Sarki bai sauko daga badala ba, yana tsaye yana kallon wutsiyar ayari tana shigewa kurmi, sai Sarkin Jirgi ya hawo da sauri ya faɗi a gabansa.

"Allah ya ja zamanin Sarki, mutane sun cika ƙofar ruwa, suna so a mayar da jirage."

Fuskar Sarki ta ɗan saki. "Madalla. A mayar da su maza, a bi Madugu a ba shi haƙuri, a ce ya dawo."

Sarkin Jirgi ya ce, "Ba don Madugu ba ne, ranka ya daɗe. Dillalai ne da dukawa da masu kanwa. Maƙera sun kwance zugazugai, mahauta sun kwanto shanunsu. Da kayansu suke, da matansu. Sun ce a fitar da su tun ayarin bai yi nisa ba."

Sarki Dambo ya leƙa ta cikin gari. Tun daga bakin kasuwa har ƙofar ruwa mutane ne da ƙunshi a ka, babu mai ihu, babu mai zagi, suna tsaye suna jira. Can a ƙarshen layin ya hango Sarkin Zango Nomau, ya cire rawanin sarauta ya riƙe a hannu, yana jaye da jaki.

"Zaki," in ji Sarkin Jirgi, "in buɗe, ko in bar ta a rufe?"